Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A ƙasar Damargu, arewa da Damagaram, inda gonakin gero ke ƙarewa dajin makiyaya ya fara, akwai wani ƙauye a gefen kwarin Tarka, tsakanin Belbeji da Tanut. Tarka tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin kakannin kakanni. Ya taso daga nan Damargu, ya bi ta ƙasar Dakoro har Madawa, kuma duk damina yakan tara ruwa a wuraren da ƙasa ta zurma. Ɗaya daga cikin waɗannan tafkuna shi ne na ƙauyen da za mu ba da labarinsa.

Damargu ita ce rumbun Abzin tun da can. Buzaye kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. Tare da irin wannan ayari Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a watan Janairun 1851. Sai dai arzikin nan a bakin wuƙa yake, domin ruwan da ke sauka a Tanut a shekara bai cika haura milimita 300 ba, kuma cikin wata biyu zuwa uku yake zuba ya ɗauke. Rijiyoyin yankin kuwa zurfi gare su, har sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar guga. Wanda ya san haka ya san darajar tafki.

Tafkin ƙauyen nan yana da kyau a da. Bagaruwa na tsaye da ƙafafunta cikin ruwa, sabe ya kewaye bakinsa, gamba ta riƙe gangaren da ke zubo masa ruwa. Bado kuwa ya shimfiɗa ganyensa a sama kamar faifai, da asuba furanninsa farare tas. Ruwan kan kai ƙarshen hunturu, shanun Fulani da raƙuman Buzaye da awakin gari duk su sha.

A bakin tafkin akwai gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. A yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari, mijinta ya tafi cin rani bai dawo da wuri ba, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da rumbu wayam. Da anza da karangiya da tushen bado ta raya su. Takan tona busasshiyar laka da guntun ƙarfe, ta zaƙulo tushen nan mai kama da ƙaramin gwaza, ta dafa musu. Ba ko ɗaya da ya mutu. Tun daga nan ta ɗaukar wa kanta al'ada. Duk shekara in an gama girbi, sai ta naɗe zane ta shiga ruwa, ta ciro tushen bado ɗaya, ta tsaga shi da wuƙa, ta duba, ta sansana. Sannan ta tsinki 'ya'yansa da suka nuna, ta shanya, ta zuba a wata gora da ke rataye a ɗakinta. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Wanda ya ciyar da kai ranar wuya, ka riƙa zuwa gaishe shi ranar daɗi."

Sannu a hankali gari ya bunƙasa. A 2011 Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, zirga-zirga ta ƙaru, kasuwar mako ta cika. Samari suka sayi babura suna kabu-kabu, kuma ba su da wurin wanki sai bakin tafki, nan suke juye baƙin mai. Wasu suka buɗe lambuna har bakin ruwa, suna zuba takin zamani da maganin ƙwari. Mata suka bar toka da sabulun salo suka koma omo. Garake suka yawaita, suna tsayawa cikin ruwa suna kashi da fitsari. Aka yanke gambar gangare don zana da jinka, aka nome wurin, sai ruwan sama ya riƙa kwaso yashi yana jibgewa a tafki. Ledar kasuwa kuwa iska ce ke kai ta, ba sai an aike ta ba.

Shekara ta farko da Iya ta lura, ganyen badon ya ƙanƙance, sandarsa ta yi tsawo ta sirance. Shekara ta biyu furanni suka yi ƙaranci, tushen da ta ciro bai wuce goro ba. Shekara ta uku da ta tsaga shi sai ta tarar cikinsa ya yi baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ƙunshe shi a bakin zane ta nufi ƙofar mai gari.

"Ranka ya daɗe, tafki ba shi da lafiya."

Mai gari ya miƙa wuya ya hango ruwan. A shekarar gansakuka ta rufe shi, ya yi kore shar.

"Haba Iya! Yaushe rabon da tafkin nan ya yi kore haka? Ai wannan albarka ce."

"Ranka ya daɗe, kumburi ma daga nesa ƙiba ne. Sansana wannan."

Ya kawar da kai, fadawa suka yi dariya. Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Iya ta ɗaure ƙunshinta ta ce, "Na dai faɗa. Ruwa ba ya tsami banza."

Ba a yi damina biyu ba bado ya ɓace ɗungum. Tafkin da ke kai ƙarshen hunturu ya riƙa ƙafewa tun sanyi bai kankama ba. Yara suka kama ƙaiƙayi da gudawa. Mahauta suka riƙa ciro dunƙulen leda daga tumbin awaki. Mata suka koma rijiya mai nisa. Sai nuna yatsa ya tashi. Masu lambu suka ce shanun Fulani ne, Arɗo ya ce magungunan masu lambu ne, su duka suka ce 'yan kabu-kabu ne, wasu kuma suka ce mutanen ɓoye aka ɓata wa rai. Har an fara wasa wuƙaƙe.

Ana cikin haka jikan Iya, wanda ake kira Auta, ya dawo daga Yamai. Ya karanci ilimin muhalli a Jami'ar Abdu Mumuni, har an kai su ziyarar ƙaro sani bakin teku a Muritaniya. Da dare bayan an ci tuwo, Iya ta kwance masa ƙunshin busasshen tushen nan, ta ba shi labari tun daga farko. Ya juya shi a hannu ya daɗe bai ce komai ba.

"Iya, abin da kika gani a tafkinmu, irinsa ke faruwa a teku."

"Maigidana, daga zuwa birni ka koyo zuƙi ta malle? Ina tafki, ina teku?"

Ya buɗe littafinsa ya ciro wani busasshen ganye siriri, ya sa mata a tafin hannu.

"Wannan ciyawa ce, a ƙarƙashin ruwan gishiri take tsira. Na tsinto ta a wani wuri da ake kira Banc d'Arguin, wanda hukumar Muritaniya ta killace tun 1976. In teku ta janye sai ki ga fili kore iya ganinki, kamar dajin Tarka a watan Agusta. Kunkurun ruwa na kiwo a ciki, ƙananan kifaye na ɓuya, tsuntsaye masu yawan gaske na zuwa daga Turai su yi hunturu. Masuntan wurin, Imragen, da jirgin filafilai suke kamun kifi, an hana na inji shiga."

"Gansakuka ce dai."

"A'a Iya. Gansakuka ba ta da saiwa. Wannan tana da saiwa, tana fure, tana 'ya'ya. Akwai irinta wajen 70 a duniya. Tana da wata jijiya mai kauri da ke rarrafe a ƙarƙashin laka, can take tara zaƙin da ganye ya sarrafa da hasken rana. Ita ce rumbunta. Kuma a cikin ganyenta akwai ƙananan hanyoyi da ke kai iska har saiwa."

Iya ta gyara zama. "Sandar bado ma hudoji gare ta. Muna yara mukan busa ta cikin ruwa, kumfa ya fito. To ai 'yar'uwar bado ce. In an cuce ta, yaya take yi?"

"Yadda kika faɗa. In ruwan kwata da takin gona suka kwarara teku, gansakuka ce ke fara ƙoshi. Sai ta dagula ruwa, ta manne wa ganyen ciyawar, ta tare mata rana. Ciyawar ba ta mutuwa nan take. Takan rage ganye, ta rage haihuwa, ta koma rumbunta na ƙasa tana ci da kaɗan-kaɗan. Mai kallo daga sama zai ga kore ya ce lafiya lau, alhali ajiya ce ke ƙarewa. In ta ƙare, iskar da take tura wa saiwa ta yi rauni, sai wata guba dangin farar wuta da ke cikin baƙar laka ta samu ƙofa ta shige ta. Ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji Iya.

"Haka ne. Daga nan sai fili guda ya mutu kamar a dare ɗaya, mutane su ce annoba ce ta faɗo, alhali an yi shekaru ana ciwo. In ciyawar ta tafi, ba mai riƙe laka, ruwa ya ƙara dagulewa, sabon tsiro ya kasa ganin rana. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009 ya nuna kusan kashi 29 cikin 100 na filayen ciyawar teku da aka sani sun ɓace tun daga 1879."

Iya ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ka gani a takarda, ni na gani a laka. Gobe ka raka ni fada. Amma ka bar ni in fara magana, don mutanen nan ba a shigar musu ta kunne sai ta ido."

Kafin ya kwanta, Auta ya roƙe ta ƙwai ɗaya da lemun tsami. Ya matse lemun a kofi, ya jefa ɓawon ƙwan a ciki, ya rufe.

Washegari bayan la'asar aka taru ƙarƙashin bagaruwa: mai gari, liman, Sarkin Noma, Arɗo, wakilin Buzaye, shugaban 'yan kabu-kabu, da mata daga gefe. Kowa ya zo da maganarsa a baki. Iya ta aje sabuwar ƙwarya cike da ruwan rijiya a tsakiya.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma ɗaya. Kowa ya sa wa ƙwaryar nan ɗan abin da yake sa wa tafki. Kaɗan kawai, gwargwadon abin da yake cewa ba ya komai."

Aka yi jim. Shugaban 'yan kabu-kabu ya dangwali baƙin mai da ɗan yatsa ya ɗiga. Sarkin Noma ya barbaɗa taki tsunkule ɗaya. Wata mata ta sa omo. Arɗo ya jefa ɗan guntun kashin shanu. Mai gonar gangare ya zuba yashi. Wani yaro ya yago leda ya saka. Iya ta motsa da kara, ta durƙusa, ta miƙa wa mai gari da hannu biyu.

"Bismilla, ranka ya daɗe."

Mai gari ya dubi ruwan, ya dubi jama'a. Ba wanda ya yi dariya.

"To wa ya ɓata shi?" in ji Iya. "A nuna mini mutum ɗaya."

Ba amsa. Ta ce, "Abin da muke ba bado ke nan shekara da shekaru, shi kuwa ba shi da ƙafar gudu, ba shi da bakin kuka."

Arɗo ya ce, "Iya, gaskiyarki. Amma tun kakanninmu shanu ke shan ruwan nan suna kashi a ciki, bado bai mutu ba. Me ya sa sai yanzu?"

Auta ya nemi izini, ya fito da kofinsa. Ɓawon ƙwan ya zaizaye ya yi laushi, yana marmashewa a hannu.

"Baffa Arɗo, bari in ba ka amsa da labarin teku. Hayaƙin da injuna da masana'antun duniya ke fitarwa yana ɗauke da iskar kabon, teku kuma na shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu. In iskar ta narke a ruwa sai ta zama tsami. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ruwan teku ya sauko daga 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. A ido kaɗan ne, amma ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100. Bai kai lemun nan ba ko kusa, sai dai duk wata halitta mai ɓawo, irin su katantanwa da kawa, gina ɓawon na yi mata wuya. Ita kuwa ciyawar teku tana iya jurewa, domin iskar kabon abincinta ce. A kusa da tsibirin Iskiya na Italiya, inda iskar ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku, an ga ciyawar ta yi kyau, masu ɓawon da ke zaune a ganyenta ne suka ɓace. Har ma da rana, in tana zuƙar iskar, takan rage tsamin ruwan da ke kewaye da ita, kamar yadda iyayenmu mata ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Maƙwabtanta su samu sauƙi."

"Ashe jaruma ce," in ji liman.

"Jaruma ce, Allah gafarta Malam, matuƙar tana ganin rana. In aka haɗa mata tsami da dagulallen ruwa da zafi da guba, sai ta faɗi, kanwar unguwa ta ƙare. Haka badonmu. Ya ɗauki kashin shanu shekara ɗari, don shi kaɗai ne. Da muka ɗora masa mai a ganyen da yake numfashi da shi, muka binne tsironsa da yashi, muka ƙosar da gansakuka da taki, sai kaya suka fi ƙarfin jaki."

Liman ya gyara murya ya tunatar da jama'a cewa addini ya hana ƙazantar da mashayar mutane, kuma dabba da tsiro amana ne a hannun ɗan Adam. Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, kin zo da magana tun da sauran dama, muka yi miki dariya. Ki yafe mana."

A daren nan mai gari ya kasa barci. Ya fito tsakar gida ya tarar da uwargidansa tana tankaɗe a hasken fitila. Tun da tafki ya ɓaci, ita ke sammakon rijiya, ita ke itace, ita ke daka, ita ke jinyar tsohuwarsa, ga 'ya'yan ƙaninsa marayu. Bai taɓa jin ta ce wash ba.

"Uwargida, kina lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Malam."

Amsar da take ba shi ke nan shekara talatin. Ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai ya ga munduwar da ya saya mata, wadda a da take cika mata wuyan hannu, ta zame har gwiwar hannu. Gabansa ya faɗi. Ya tuna tushen badon da ya koma kamar goro. Da gari ya waye ya sayar da bijimi, ya sayi amalanke da jarkoki, ya ɗora wa samarin gidan ɗiban ruwa, ya raba aikin gida tsakanin kowa, ya kai ta asibiti a Tanut.

Aikin tafki kuwa gayya aka yi masa. Aka ware wa 'yan kabu-kabu wurin wanki nesa da ruwa, aka ajiye musu gangar tara baƙin mai. Aka haƙa wa mata ramin zubar da ruwan wanki. Masu lambu suka ja da baya taki hamsin daga bakin ruwa. Arɗo da Sarkin Noma suka shata mashaya guda da burtalin zuwa gare ta. A gangare aka haƙa ramukan rabin wata don su tare ruwa da yashi, aka watsa irin gamba da karangiya. Masu gonaki suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski, dabarar da ta yaɗu daga ƙasar Maradi tun shekarun 1980. Yara kuma duk washegarin kasuwa sai su bi gari suna tsintar leda, Auta na tuna wa 'yan kasuwa cewa tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana irin wannan leda.

Damina ta farko ruwa ya ɗan washe, amma ba bado. Ta biyu ma haka. Gunaguni ya tashi, wasu suka ce an wahalar da su a banza, har wani ya mayar da babur ɗinsa bakin ruwa. Mai gari ya kira Auta.

"Ɗana, ko dai mun makara?"

"Ranka ya daɗe, a Amurka akwai wata gaɓar teku da ake kira Tamfa, a jihar Fulorida. Ruwan kwata ya kashe wajen rabin ciyawarta. Suka gyara tace ruwan birni tun wajen 1980, amma sai a 2014 ta dawo yadda take a 1950, sama da hekta 16,000. Bayan haka ma ta sake ja da baya, don kiwon ruwa ba ya da ranar gamawa. Can ta dawo da kanta ne saboda akwai sauran tushe. A gaɓar jihar Bajiniya kuwa, cuta da guguwa sun share ta tun shekarun 1930. Ruwa ya yi tsabta, amma kusan shekara 70 ba ta dawo ba, don ba iri. Sai da mutane suka watsa 'ya'yanta sama da miliyan 70 da hannu, ta rufe hekta 3,600. Ina jin tsoron tushen badonmu ya riga ya mutu. Iri muke buƙata."

Da maganar ta kai kunnen Iya, sai ta aika aka sauko mata da gorar nan. Ta zazzage ta a faifai, ƙananan ƙwayoyi suka zubo, na tsintar ƙarshe da na shekarun baya. Ta ce a cuɗa su da laka a dunƙula kamar gumba, a jefa a gefen da bagaruwa take in ruwan farko ya kwanta. Aka kuma roƙi Arɗo, in ya dawo daga mashekari ya zo da tushen bado daga wani tafkin da bai lalace ba. Ya cika alkawari, ya kawo buhu guda a bayan jaki.

Da yawa daga cikin irin bai tsira ba. Amma a damina ta uku wata yarinya da ta je kora awaki ta sheƙo a guje tana cewa ta ga faifai a kan ruwa. Ganye bakwai ne, kowane bai fi tafin hannu ba. Mai gari ya sa aka kewaye wurin da ƙaya. A damina ta biyar bado ya rufe kusurwa guda, gamba ta tsaya a gangare, ruwan ya kai tsakiyar hunturu.

A lokacin ƙafafun Iya sun gaza. Wata asuba bayan girbi mai gari da kansa ya jawo amalanke, aka ɗora ta, uwargidansa na riƙe da ita, munduwar nan ta koma mazauninta. A bakin ruwa furanni na buɗe farare. Auta ya naɗe wando ya shiga, ya ciro tushe ɗaya ya kawo mata. Ta tsaga da wuƙarta. Cikinsa fari, ba wari sai ƙanshin laka. Ta yi hamdala, ta miƙa wuƙar da gorar ga yarinyar da ta fara ganin ganyen.

"Duk shekara ki zo ki gaishe shi. Kada ki tambayi ganye, ganye ya iya kunya. Tushe za ki tambaya."

Jama'a, tafkin nan yana nan a kowane gari, kuma yana nan a kowane gida. Allah ya halicci wasu bayinsa da juriya: ciyawar da ke ƙarƙashin teku, badon da ke cikin laka, uwar da ke cewa lafiya lau, ƙanen da ba ya musu, ma'aikacin da ba ya ƙorafi. Muna ganin shirunsu sai mu ƙara musu kaya, kowa na cewa nasa kaɗan ne, alhali ajiyarsu suke ci. Ranar da suka faɗi sai mu ce abin ya zo ba zato. Mai hankali ba ya jiran kuka kafin ya duba. In kuma ɓarna ta riga ta auku, a bar neman mai laifi ɗaya, kowa ya janye hannunsa daga ƙwarya, a nemo masu ajiyar iri, a yi haƙurin jira kamar yadda aka yi mana haƙuri. Allah ya ba mu idon ganin tushe tun ganye bai bushe ba.